Kwana Biyu Babu Wuta

Sajo magini ya ce, "Ki kashe wuta tun Talata,
ba na taɓa murhu da ɗuminsa.
Alhamis da hantsi kya gan ni."
Yana kan keke ya faɗa, ƙafa ɗaya a ƙasa,
sai ka ce kashe wuta da baki ake yi.

Shekara talatin da ɗaya
gidan nan na Ngawundare bai kwana da toka mai sanyi ba.
Ko ranar da aka kai Inna makwancinta
garwashi na ƙarƙashin toka yana numfashi.
Amma bututu ya toshe,
hayaƙi ya manta hanyar sama,
ya dawo ya tare a ƙirjin Astajam,
tari da dare, tari da asuba.
Damina kuma ta tsaga murhun daga baki har gindi.

Na yayyafa ruwa. Wuta ta yi tsaki, ta mutu.

Laraba muka shiga kwashe kaya.
Tukwane waje, babba na rungume da ƙarama,
kaskon makalar da ke ciyar da mu,
muciya, mara, ludayin da aka ɗinke da zare,
ragayar daddawa, busasshiyar kuɓewa.
Buhun garin rogo na ja shi zaure
na lulluɓe da tsohon zane,
don kunkunniya ba ta da kunya,
in ta sauko har kofin shayi takan shiga.
Randa ta ƙi ɗaguwa,
muka rufe mata baki da faifai, muka ɗora dutse.

Ɗanjuma ya aro tsani,
ya sare reshen mangwaron da ke gugar rufi.
Toka daro uku na kwashe.
Yumɓu na jiƙe a bayan ɗaki
da ƙaiƙayi da kashin shanu, yadda aka ce.
Akuya a turke, kaji a akurki.
Jirgin Yawunde ya yi kuka a tasha,
masu saukowa za su duba inda nake zama, su wuce.
Sefa nawa ke nan? Na ce ba zan ƙirga ba.
Na ƙirga.

Dada Fanta ta miƙo tuwo ta katanga.
Muka ci girkin wutar wani gida,
da daɗi, sai dai bai san bakinmu ba.

Da la'asar ina kankare bayan murhu,
lungun da tsintsiya ba ta taɓa kaiwa ba,
baƙi na faɗowa ɓawo-ɓawo,
sai ga tafin hannu a jikin yumɓu.
Yatsu biyar, ƙaramin a karkace.
Na san wannan karkata:
ta tsefe mini kai, ta ja mini kunne,
ta nuna mini iyakar gishiri.
Nan ta dafa ranar da ta gina shi,
don ta miƙe tsaye, ina jin, ba don a tuna ba.
Na sa nawa a ciki. Nawa ya fi girma.
Tun yaushe?

Tsagar ta bi ta tsakiyar tafin.

Gobe Sajo zai hau sama da gora mai tsumma a kai,
ya zungure baƙin shekaru ya zubo mana,
sannan ya tsuguna ya bi tsagar da farce.
Zai ce sai an yaɓe duka,
in ba haka ba za ta dawo kafin kaka.
Kuma gaskiyarsa.
Ban san abin da zan ce masa ba.

Na shimfiɗa buhuna daga ƙofa har gindin murhu
saboda sawunsa.
Na ajiye masa goro biyu da ruwa a buta.
Astajam ta yi barci, yau babu tari.
Gidan shiru, ba ƙamshin kowa.
Ashana na ƙarƙashin matashina,
duk juyin da na yi sai ta yi motsi.