Sunan Mai Shi

Ƙanƙarar tafkinmu ta narke ran Talata,
nan arewacin Wisconsin.
Na tura kwalekwalen babana, Orval,
na ja igiyar injin sau bakwai
kafin ya yi tari, ya yarda.

Ko ƙugiya ban jefa ba
sai ga jirgin hukuma yana tsaga ruwa.
Jami'ar, Haugen, ta leƙa goshin kwalekwalen:
"Rana ta cinye rabin lambar nan.
Takardar rajista fa?"

Na zaro ta daga ƙarƙashin gwangwanin tsutsa,
inda yake ɓoye ta cikin leda.
Ta mutu tun Maris.
Shi kuwa tun Janairu.

"Da filafili kike tuƙi, da babu ruwana.
Amma mai inji, komai ƙanƙantarsa, sai da suna."
"Ai da suna," na ce.
"Na mai rai," ta ce, a hankali.

Gargaɗi ta rubuta, ba tara ba.
Kwana goma sha biyar, in canza.

Yau sha huɗu.
Fom na kan teburi, biro a kansa.
Gurbin sunan bai kai ɗan yatsa ba,
amma ya fi tafkin faɗi.