Wasiƙa ta Sha Takwas

Sun ce in faɗi littafina a layi uku.
Shekara tara na yi ina rubuta shi
a bayan tsoffin takardun jarrabawar yara,
da dare, in an ɗauke wuta a Tudun Jukun,
fitilar waya a jingine da kofin shayi
tana haska mini rabin shafi.
Layi uku.
Ko ladan ya fi haka jan numfashi.

Dillalan littafi ake ce da su.
Ni na san dillali. Na ga Iro a kasuwar Tudun Wada
yana buɗe bakin rago, ya duba haƙora,
ya shafa gadon baya, a taya, ya ce albarka.
Shi dai yana taɓa ragon.
Waɗannan suna Legas, wasu a bayan teku,
ba su ga ko ƙahon nawa ba,
hoton wutsiya suke so in aika.

Na hau bas zuwa Samaru, shagon Lantana,
inda janareto ke tari tun hantsi.
Ita ta buga shafi ɗari uku da sha ɗaya,
na biya ta kaɗan-kaɗan, albashi bayan albashi.
"Malam, me za a sa?"
Na ce sa: labarin ubana ne,
mai sauya wa jirgin ƙasa layi a tashar Sabon Gari,
shekara talatin yana nuna wa ƙarfe hanya,
shi kuwa bai taɓa wuce Funtuwa ba.
Ta ce, "Sun tambaya wa zai saya,
kuma da wane littafi ya yi kama."
Na ce da Baba ya yi kama.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta bar gurbin fari.

Sha bakwai muka aika.
Sha ɗaya sun faɗa rijiya, ko ƙarar ruwa ban ji ba.
Biyar sun amsa da baki ɗaya kamar 'yan hadda:
mun gode, bai dace da mu ba, muna maka fatan alheri.
Ɗaya, wata mata, ta karanta babi biyu.
Ta ce alƙalamina da daɗi,
sai dai ba a mutu da wuri ba a ciki.
Ko zan ƙara bindiga? Ko yunwa?
Ko wani ya tsere ta hamada?

Na kwana ina tauna maganar kamar ganda.
Baba bai tsere ko'ina ba.
Ran Laraba ya rasu, bayan la'asar,
rediyo a kunne,
yana jiran a ambaci 'yan fansho.

Wata guda ban leƙa Samaru ba.
Da na koma, kwafin katin asibiti na je yi.
Lantana ta karɓa, ba ta ɗago ba, ta ce,
"Babi na tara. Daren da barci ya sace shi,
jirgin gyaɗa na tahowa, layin bai juyu ba,
ya fita a guje ba takalmi, da fitila ja.
Ranar da na buga wurin nan
shinkafata ta huce a kwano,
na kori ɗalibai biyu, na ce injin ya lalace.
Na san ya kai. Ni na buga.
Amma har yau in na tsallaka dogo a PZ
sai na duba hagu sau biyu."

Na ce sake faɗa, a hankali.

Ta goge "mai girma", ta goge "ina mai tawali'u",
ta goge digirina da shekarun koyarwa.
Abin da ya rage:
mutum, da fitila ja, da ƙarfe mai zuwa.
Na ƙirga da yatsa.
Layi uku.

Ta danna. Sabis ya ɗauke.
Muka zauna, ni da ita da tarin janareto,
muna kallon ɗan zoben nan yana juyawa,
yana juyawa,
kamar yadda Baba ke tsayawa bakin dogo,
kunne a ƙasa,
tun kafin kowa ya ji komai.