Yawun Inna

A likitar Tawa, bayan azahar,
wata yarinya mai farar riga
ta miƙo kwalba, ba ta kai ɗan yatsa ba.
Ta ce, "Inna, tofa nan."

Inna ta dube ni kamar baƙo a zaure.
"Wa za a yi wa tofi? Wa ke zazzaɓi?"

Na san yawun nan.
Shi ke daidaita bakin zare ya shiga kafar allura.
Shi ya kwantar mini da gira ranar shiga lakwal.
Shi ke jiƙa yatsa a ƙirga kuɗin albasar Galmi,
jika bayan jika, ba a taɓa cutar ta ba.
Shi ya sauka a ƙafata da Fatiha
daren da kunama ta harbe ni.

Yanzu wai akwai ƙananan ma'aikata a cikinsa,
dangin masu narka tuwo tun a baki,
in ƙwaƙwalwa ta fara yoyo
su ke fara tsegumi.
Ba allura, ba tsaga. Gwaji ne, in ji yarinyar,
na'ura za ta saurare su a Yamai.
Sati uku.

Sati uku! Ni da na ji tun bara,
ranar da ta zuba gishiri a shayi
ta kira ni Alhu, ƙanenta da ke kushewa.

Ta karɓi kwalbar, ta lumshe ido.
Leɓe ya motsa da abin da bai ɓace ba.
Ta tofa sau uku,
ta miƙa wa yarinyar:
"Ki shafa masa. Zai samu sauƙi."