Lissafin Mai Guga

Shekara ashirin da uku na yi
ina gadin tukunyar tururi

a masaƙar da ta rufe ƙofa,
ciyawa ta cinye ta, can Kakuri.

Ni da Bulus muke aikin kwana,
idonmu kan allurar digiri.

In ta haura jan layi mu sassauta,
in ta faɗi mu ƙara mai tun da wuri.

Ban san sunan abin da nake kiwo ba,
wuta ce dai, da ruwa, da haƙuri.

Yau ga ni da dutsen guga a shago,
rigunan mutane jeri-jeri,

ga mita tana ƙifta ido a bango,
tana lasar kuɗina kamar gishiri.

Jikata Basira ta zo hutu,
ta same ni ina yi wa mitar gori.

Ta ce, Kaka, abu biyu kake gaurayawa,
yawa daban ne, daban kuma sauri.

Makamashi shi ne hatsin rumbu,
mudun awonsa jul, haka yake a tsari.

Wat kuwa hanzarin hannun mai awo ne,
jul ɗaya duk sakan, babu ƙari.

Juya dutsenka ka duba gindi.
Na juya. Wat dubu, baƙi kan fari.

Ta ce, duk motsin tsinken agogo
jul dubu yake sha, ba ya bari.

Ka bar shi a kunne awa guda cur,
yunit ɗaya ya tafi, ka ji asiri:

jul miliyan uku da dubu ɗari shida,
don shadda huɗu su kwanta su bar tauri.

Na ce, miliyoyi nake ƙonawa kullum,
amma unguwa ba ta kirana attajiri?

Ta yi dariya, ta jona butar shayi.
Ta ce, lita guda, ka ɗaga ta digiri

ɗaya tak, jul dubu huɗu da ɗoriya.
Ruwa ba ya ɗumi don alheri.

Nan na tuna tukunyata ta da,
mai ciki da zurfi kamar kwari.

Jul nawa muka tura, ni da Bulus,
cikin atamfar da ta zaga gari-gari?

Na ce, to ina suka tafi, Basira?
Ta ce, makamashi ba shi da kabari.

Riga kawai yake sauyawa:
mai ya zama wuta, wuta ta ta da tururi,

tururi ya juya ƙarfe, ƙarfe ya ja zare,
saura ya bi bututu ya shige sarari.

Sai dai gangara yake, kamar kogin nan
da ke wuce gada ba ya waiwayen gari,

daga mai zafi zuwa mai sanyi.
Shayi ba ya komawa zafin fari.

Na yi shiru. Na tuna hannun Bulus
cikin nawa, a asibiti, daren ɗari,

ɗumina yana ratsawa tafinsa.
Jul nawa ne? Wannan ya fi ƙarfin nazari.

Sai fanka ta tsaya, an ɗauke wuta.
Basira ta ce, wat ɗinmu ya koma sifiri.

Na jawo dutsen gawayi daga lungu,
na ce, hura min, 'yar boko, da sauri.

Mai shaddar nan zai zo bayan la'asar,
shi ba ruwansa da wannan labari.