Riƙon Uwa

Ranar Litinin, bayan la'asar,
adaidaita ta tsaya ƙofarmu, nan Ali Ɗan Sofo.
Madam Ramatu ta sauko da takarda a hannu,
bayanta wata siririya, jariri a ƙirji,
leda guda, ita ce duk kayanta.

Wata shida, in ji takarda.
Na dangwala yatsa.

Ni na san riƙo.
Na riƙi ɗan ƙanena har ya yi gemu,
na riƙi ɗiyar maƙwabciya har ta shiga lakwal.
Amma riƙon da na sani,
ɗa ake cirowa daga cinyar uwa.
Wannan kuwa tukunya aka kawo mini da murfinta,
aka ce kada in raba.

Sunanta Tsahara,
daga wani ƙauye can bayan Madarunfa
wanda ba ta faɗin sunansa sai ta waiwayi ƙofa.
Ɗan kuma Lawali. Kwana goma sha tara.

Daren farko ya tsala kuka.
Na tashi, na kai bakin labule,
tafin hannuna na ƙaiƙayi.
Na san inda ake dafa ciki ya lafa,
na san jijjigar da ke kashe rigima.
Na tsaya.
Sauro ya ci ƙafata, ban shiga ba,
har na ji wata murya ƙasa-ƙasa
tana lallashi, tana karyewa, tana sake tashi.
Ashe tana da murya.

Da asuba na hura wuta,
na tsinko ganyen bedi, ruwa ya tafasa.
Babu wanda ya yi mata wankan jego.
Da na watsa mata na farko a baya
ta yi kukan da ba na zafin ruwa ba.
Ban tambaya ba. Na dama kunun kanwa.

Wata na uku ta karɓi muciya,
muka tuƙa tunkuza, mai ya taso.
Ƙuli-ƙulinta ya fi nawa gishiri,
kuma shi ake fara sayewa a tasha. Na ji haushi kaɗan.
Dala-dala take jefawa a gwangwanin madara,
dare ya yi ta girgiza shi ta ji nauyi.

Rannan Lawali ya miƙo hannu gare ni.
Na juya shi, na ce ga uwarka can.
Allah ya sani, ba da son raina ba.

Takarda ba ta mantuwa.
Madam Ramatu ta dawo, an samu ɗaki a unguwar Zariya.
Leda guda ta zama akwati da kasko.
Tsahara ta durƙusa za ta yi godiya,
na ce tashi, zane zai kwance, ɗaure goyonki da kyau.

Yau kwana tara.
Igiyar shanya na nan tsakar gida, babu komai kanta
sai safa guda, wadda ba ta kai babban yatsana ba.
Na ce Juma'a zan kai musu.
Juma'ar ta wuce.