Takardar Bayani

An ce kowa ya cika shafi guda,
ya faɗi abin da aikinsa yake nufi.
Jibi za a rataye.
An ɗauke wuta a Gwallameji tun la'asar,
mu huɗu ne a ɗakin zane,
fitilar waya cikin kofin silba,
da warin kananzir ɗin wanke burushi.

Dakta ya ce mana a aji:
da ka ajiye burushi, mai zane ya mutu,
ma'ana ta koma gadon mai kallo.
Babayo ya ce, to Allah ya jiƙanmu,
amma wa za a ba makin?

Shi ƙarfe yake haɗawa.
Wata uku yana bin garejin makanikai,
sarƙar babur, bakin injin markaɗe, ƙafar keken ɗinki,
har ya tayar da abu mai tsayin mutum,
ya raɗa masa suna Ƙaura.
Jiya ɗan jari-bola ya same shi a fili,
ya zagaya sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga gefe,
ya ce kilo arba'in da ɗoriya, kuɗi hannu.
Babayo bai yi fushi ba.
Ya ce duk cikin masu sharhi
wannan kaɗai ya san nauyin aikin.

Zuwaira ba ta zana fuska.
Ba ta gardama a kai, ba ta yi wa kowa wa'azi,
inuwa kawai take bi,
inuwar layin jarkoki a bakin burtsatse,
yadda take tsukewa kafin azahar.
Dakta ya kira abin da wata kalma mai gaɓa biyar.
Ta ce, ni dai layin na sani,
na tsaya a cikinsa.

Rifkatu na lungu tana taka yumɓu.
Kakarta a Bogoro ta yi shekara hamsin tana ginin tukwane,
ba ta sa hannu a gindin ko ɗaya ba.
Littafinmu ya ce na kakar sana'a ce,
na jikar kuwa fasaha.
Rifkatu ta goge gumi da gwiwar hannu:
bambancin da na gani dai,
nata na riƙe ruwa.

Ni fa?
Farin fenti ya ƙare mini tun zangon farko,
kuɗin kwalba ɗaya ya kai cefanen mako.
Sai na kwaso jar ƙasa a gindin dutse,
toka daga murhun mai ƙosai,
na jiƙa ƙaro na dama,
na shafa a bayan buhun masara.
Dakta ya tsaya ya daɗe, hannu a haɓa,
ya ce na yi wa kayan Turai tawaye,
na koma ga tushe.
Na gyaɗa kai.
Ban ce masa babu ce ta kai ni ba.

Amma ga abin da ban iya faɗa a aji:
ƙasar nan tana da ra'ayi.
In na matsa mata sai ta tsage,
in na yi haƙuri ta bushe da launin da ban roƙa ba.
Yanzu ko an ba ni fentin
ban san ko zan karɓa ba.

Bara an kai mu Geji.
Shanu a jikin dutse, jajaye, masu dogon ƙaho,
babu suna, babu takarda a ƙarƙashinsu.
Mun yi tsit kamar an shiga gaisuwar rasuwa,
har direba ya gaji da danna ham.

Ƙarfe ɗaya saura.
Sauro ya ci, batir na kuka.
Na rubuta:
Ƙasa, toka, ƙaro, a kan buhu.
Ya tsage ta hagu. Na bar shi.

Babayo ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce wannan ai bai cika shafi ba.
Na ce gobe a shagon buga takardu
zan sa a ƙara girman baƙaƙen.