Goma Na Shiga, Goma Na Fita

Ran Talata da la'asar sakaliya
a-kori-kura ta sauke shi a bakin rumfa,
tsohon inji daga 'Yan Katako,
fenti ya kwaile, ƙafa ɗaya gajera.
Yaran Kanya Babba suka yi mana zobe.
Baba Tanimu ya ce a kore su tukuna.

Ni na ƙagu in ji kukansa,
shi kuwa ruwa ya ce in kawo a kwano.
Ya ɗora bisa teburin ƙarfe, ya tsuguna,
ruwan ya karkata gabas kamar mai neman alƙibla.
Muka yi ta cusa ɓaraguzan katako ƙarƙashin ƙafa
sai da ya kwanta daidai da leɓen kwano.
"Injin da ke rawa," in ji shi,
"ba ya yanka gaskiya."

Ya zare waya daga janareta,
ya take kanta da diddige,
sannan ya yarda ya taɓa faifan.
Haƙori arba'in, ya bi su ɗaya-ɗaya
kamar mai duba bakin sa a Maigatari.
Ya ɗaure noti har jijiyar hannu ta tashi.
Ya auna jagora da faifai, gaba da baya,
bambancin kaurin farce bai yarda da shi ba.
Haƙori kuwa ya leƙo saman katako
tsayin ƙwayar gyaɗa, ya tsaya nan.

"Tuɓe zoben. Naɗe hannun riga.
Sa gilashi, ba a sayar da ido a kasuwa.
Duba ƙusa kafin ka miƙa masa.
Kada ka tsaya saitin bakinsa,
koma gefe, kamar yadda kake wa jaki."
Ya sassaƙo sanda mai ɗan gemu:
"Daga taƙi ɗaya zuwa ƙarfe
wannan ce hannunka.
In zai ci, ya ci ta."

Wata biyu muna tsaga.
Ƙyauren Alhaji Mati, bencin firamare,
akurkin kajin Inna Dela.
Kunnena ya saba, hannuna ya yi wayo,
kaina ya fara gaya mini na iya.

Ran da ya tafi ta'aziyya Babura
na kalli wuƙar nan ta bayan faifai,
mai hana tsaga ta sake haɗe baki,
na ce tana ɓata mini lokaci. Na kwance ta.
Na ɗauko ɗanyen darbejiya mai ɗan doro.
Ya shiga lafiya har rabi,
sai muryar injin ta shaƙe,
katako ya matse ƙarfe,
ban ga tashinsa ba, iskarsa kawai na ji
ta shafi haƙarƙarina ta wuce.

Randar da ke bayana ta ce fau.

Na kashe. Na jira faifan ya gama juyi,
shi kaɗai na tuna.
Ruwa na bin dusar katako
yana neman ƙafata.
Abu ɗaya ya tsare ni:
na tsaya a gefe, don ƙafa ta saba.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba.
Ya ɗauki wuƙar, ya miƙo mini da sifana.
Ya tsinci wuyan randar daga ƙasa,
ya rataye a ƙusa saman makunni.
"Kuɗinta daga ladanka," ya ce,
ya shiga ciki neman buta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Baba ya kwanta dama, rumfar ta zama tawa,
wuyan randar na nan, gizo ya yi masa saƙa.
Sabon yaro in ya tambaya,
ruwa nake cewa ya kawo a kwano.

Da magariba, in na tsuguna alwala,
ina tsefe yatsu, dama cikin hagu,
dusa na fita daga tsakaninsu,
ni kuma ina ƙirga a ɓoye.
Goma.
Sannan in kai ruwa baki.